Ƙafar da Ba Ta Jin Zafi

Na rubuta wannan labari ne saboda mata irina, masu tukunyar ruwan zafi da tsumma da kyakkyawar niyya. Sunana Saratu, ana kirana Maman Jummai. Mijina Malam Iliya mai bishara ne a wani ƙauye da ke bayan Kuyello, a ƙasar Birnin Gwari. Mu mutanen kudancin Kaduna ne, aikin ikilisiya ya kawo mu tun Jummai tana goye, ga shi yau ita ma tana da nata goyon a Kaduna. Jinyar da zan ba da labarinta ta ci mana ƙafa guda ta bar mana mutum, kuma har gobe ina ganin mun ci riba. Sai dai da na san abin da na sani yau, da ƙafar ma tana nan.

Aikin Baban Jummai aikin ƙafa ne. Bayan majami'ar ƙauyenmu, akwai 'yan tungaye a cikin daji inda wasu gidajen masu bi suke, ba su da mai buɗe musu Littafi in ba shi ba. Yana da tsohon babur da ikilisiya ta saya masa. Zai hau har inda hanya ta yarda, ya jingine shi a gindin ɗorawa, ya naɗe wando ya ƙetare rafi, ya ƙarasa a ƙasa. Ko a shekarun da daji ya ɗau zafi, ƙauyuka suka yi ta watsewa, ragewa ya yi bai daina ba. An sha turo masa mataimaki, amma kowa ya zo ya ga hanyar sai ya tuna yana da tsohuwa marar lafiya a gida. Ni kuwa ban taɓa ɓoye wa kowa ba, gida nake so mu koma. Duk Kirsimeti in na ga 'yan garinmu suna ɗaure kaya a bayan mota sai na tasa shi da mita, shi kuma amsarsa ba ta sauyawa: "In na tafi, wa zai je musu?"

Tun da damina na lura ya rame. Ruwa yake sha kamar an aiko shi, kuma ba ya minti nawa sai ya zagaya. 'Yan ikilisiya suka yi mana fassara, wai Malam ya duƙufa da azumi da addu'a. Mata a zumuntar ikilisiya har misali suke ba mazansu da shi. Ni da ke tuƙa masa tuwo na san babu wani azumi, malmala uku yake tashi da ita ya nemi ƙari, amma ban taɓa jin an kai mutum asibiti don yana cin abinci da kyau ba.

A farkon girbin dawa abin ya soma. Kututturen kara da aka sare a karkace ya huda silifas ɗinsa ya shige tafin ƙafar hagu. Bai ma sani ba. Ni ce ina bayansa da dami a ka, na ga ja-ja a sawunsa.

"Baban Jummai, jinin wa ke bin ka?"

Ya ɗaga ƙafa ya duba, ya yi dariya. "Ashe nawa ne."

Na wanke masa da ruwan gishiri na ɗaure da ƙyalle. Kafin mako ya raba, ƙafa ta kumbura har idon sawu. To a wajenmu duk abin da ya kumbura gasa shi ake yi. Mai jego a gasa ta, mai targaɗe a gasa shi, haka uwata ta yi mana, haka na yi wa 'ya'yana. Na tafasa ruwa da ganyen dogon yaro, na zuba gishiri, na tsoma tsumma ina danna masa. Hannuna yana ƙuna ina yarfewa, shi kuwa yana zaune a kujera yana shirya wa'azinsa.

"Ya yi zafi?"

"Ban ji komai ba. Ƙara."

Na ƙara. Da na ga tsumma ba ya ratsa shi, sai na juye ruwan a kwano na ce ya tsoma ƙafar gaba ɗaya. A haka Hajjo ta same mu. Hajjo Bafillatana ce, matar Buba maƙwabcinmu makiyayi, ita ke kawo mana nono. Ta sauke ƙwaryarta, ta ga tururi yana tashi, ta ga mutum ko gezau, ta riƙe haɓa.

"Malam namiji ne. Ko samarinmu a wurin sharo sukan ɗan motsa gira."

Na ji daɗi har raina. Safe da yamma na yi ta gashin nan har mako ya cika.

A mako na biyu fatar ƙafar ta ɗuri ruwa ta saɓule, yatsu biyu suka yi baƙi. Muka ce madalla, dafin ne ke fitowa. Mai kemis na kasuwa ya zo ya yi masa allura, ya ɓare kafso ya barbaɗa garin a kan ciwon, ya karɓi kuɗinsa ya ce nan da Lahadi Malam zai buga ƙwallo. Masu shawara kuwa ba a magana. Wannan ya ce zuma, wancan ya ce toka, wani ya ce baƙin mai na inji ba ya barin ƙwayar cuta. Hajjo ta kawo man shanu. Ga kuma masu dubiya, su ne suka ƙarasa mu da ƙauna. Kowa ya shigo da kwalbar malta, ko kunun zaƙi, ko rake, don marar lafiya ya samu jini. Baban Jummai kuma ba ya iya kunyata mai kawowa, sai ya sha a gabanka ya sa maka albarka. Ranar Lahadin ma sai da ya sa safa ya hau babur ya tafi daji.

Ƙarshen makon zazzaɓi ya rufe shi, ɗaki ya ɗauki wani wari da turare ba ya kashewa. Buba ya shigo gaisuwa, ya tsuguna a bakin ƙofa, bai daɗe ba ya fito ya kira ni gefe.

"Maman Jummai, ni kiwo kawai na sani. Amma in kofato ya fara wannan wari ba a jiran ranar kasuwa. Ku tashi yau."

Shi ya nemo mana wata a-kori-kura mai ɗaukar hatsi, aka shimfiɗa katifa a kan buhuna, muka nufi Birnin Gwari.

A asibiti na bi layin kati, na bi layin gwaji, na bi wani layin da sai da na kai gaba aka ce ba nawa ba ne. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta huda masa yatsa, ta ɗiga jinin a wata 'yar na'ura. Ta duba, ta sake dubawa, ta tashi ta kira likita. Likitan saurayi ne, bai wuce sa'ar ɗana ba.

"Mama, tun yaushe yake da ciwon suga?"

"Ba shi da shi."

"Yana da shi. Ku ne ba ku da labari."

Ya kwance ƙyallen ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago. "Wa ya ƙona shi?"

Na ce babu wanda ya ƙona shi, gashi ne na yi masa, kuma ina yi ko gezau bai yi ba. Likita ya jawo kujera ya zauna, ya yi mini magana a hankali, maganar da har yau take kunnena. "Mama, mai ciwon suga ƙafarsa ba ta faɗa masa gaskiya. Jijiyar da ke kai masa saƙon zafi ta mutu. Abin da kuka ɗauka jarumta, shi ne ciwon. Ciwon kara ƙarami ne, da an kawo shi tun farko. Ruwan zafin ne ya dafa naman."

Na zame na zauna a ƙasa a gaban mutane na yi kuka. Ban ji kunya ba, baƙin ciki ya fi ƙarfin kunya. Baban Jummai ya miƙo hannu daga kan gado ya dafa kaina, ya ce wa likitan, "Ni na ce ta ƙara." Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mu biyu muka yi tafiyar a cikinsa.

Mako guda muka yi a nan. Kullum a yi masa allurar suga, a sa ruwa, a wanke ciwon a yanke mataccen nama. Masarar da muka ajiye don hidimar Kirsimeti ta bi ta kantin magani buhu-buhu. Wata rana ma'aikaciyar nan ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga katan ɗin malta da 'yan zumunta suka aiko, ta jawo shi ta rungume ta ce, "Wannan na kama shi, sai a kotu." Ranar ce na fara dariya tun zuwanmu. Ina gode wa yarinyar nan, ko sau ɗaya ba ta toshe hanci a gabansa ba. Amma baƙin ya ci gaba da hawa, ya bar yatsu ya kama gadon ƙafa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, likita ya ce aikin ya fi ƙarfinsu, sai Kaduna.

Da a shekarun baya ne sai mun jira rakiyar sojoji. Lokacin hanya ta ɗan lafa, ramuka ne kawai suka yi ta jijjiga shi. Duk da haka babu wanda ya yi hira a motar sai da muka fita daga dajin.

A Kaduna Jummai ta tare mu, tare da Yaya Laraba, yayarsa wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Yaya mace ce mai faɗa, in ta buɗe baki ko fasto sai ya gyara zama. A babban asibitin da aka tura mu babu gado, sai da muka kwana a benci kafin a sallami wani. Abin da ban yafe ba har yau shi ne yawon da aka sa ni, daga wannan taga zuwa waccan, da tsufana, alhali mutum yana kwance yana ruɓewa. Da aka samu gado, wani babban likita mai tabarau ya zo ya latsa ƙafar tun daga yatsu har gwiwa, ya kira mu waje.

"Mama, ƙafar nan ta riga ta mutu, shi ne bai mutu ba. Za mu cire ta daga ƙasan gwiwa. Ki zaɓi wanda za ki koma gida da shi."

Yaya ta shiga tsakaninmu. "A gidanmu ba a taɓa binne mutum gutsi-gutsi ba. Yadda Allah ya kawo shi haka zai koma mishi. Akwai mai magani a bayan dutsen garinmu, ƙafan da ya fi wannan ya ɗaure ya warke. Ku ba ni ƙanena."

Likita bai yi musu da ita ba. Ya ce a tambayi mai ƙafar.

Baban Jummai tambaya biyu ya yi. Zai iya hawa babur? Likita ya ce da ƙafar roba zai yi tafiya a hankali, amma babur dai a'a, ga shi ciwon ya taɓa masa ido. Zai iya ƙetare rafi? Likita ya ce shi kaɗai, a'a. Sai ya juya fuska ga bango. Tun da na aure shi ranar ce kawai na ga hawayensa, kuma na san ba ƙafar yake yi wa ba, mutanensa na daji ne. Na zauna a bakin gado na ce masa, "To shi ke nan, ka yi naka. Ubangiji ya sallame ka, mu koma gida ka huta."

Ya juyo. "Ƙafa aka ce za a cire. Ban ji an ce an cire kira ba."

"Wane kira kuma?" in ji Yaya. "Kurma ne kai? Wannan ai sallama ne."

"Yaya, wanda ya ba ni ita ya bar mini ita shekara da shekaru, na mora. In ya ce a mayar ba zan tsaya ciniki da shi ba. Ku bar su su cire."

Shi ya yarda, ni ce ban yarda ba. An ce sai na sa hannu, na ce a ba ni kwana biyu. Na shiga azumi, na shiga ciniki da Allah irin na kasuwar Kuyello. Na ce ya ɗauki yatsu ya bar tafin. Na ce ya ɗauki tafin ya bar dunduniya. Na yi alkawarin ba zan ƙara maganar komawa gida ba. Ina cikin tayi zazzaɓi ya hau kansa, Jummai ta kawo masa ruwa ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Yaya tana zaune tana kallo. Ta tashi da kanta ta kira likita, ta kamo hannuna ta ce, "Sa hannu, Saratu. Gara in ga rabin shi yana ba ni haushi."

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti aka yi aikin. Da aka fito da shi, wani ma'aikaci ya miƙo mana kwali a naɗe da leda, ya ce 'yan'uwa ke binnewa. Ni da Jummai muka tsaya muna kallon juna. Yaya ta karɓa, ta ce gida za ta kai a sa a gonar ubansu. Washegari da ya farfaɗo sosai ta tsaya a kansa da kwalin a hammata.

"Shekara nawa ina kiranka Kirsimeti ba ka zuwa? To bana ko ƙafa na samu."

Ya yi dariya har sai da ɗinkin ya yi masa ciwo. An ce a tasha ta hana a sa kwalin a but ɗin mota, a cinya ta riƙe shi har gida. Ta binne, ta kwana biyu ta dawo ta ci gaba da yi mana wanki da faɗa. Ban san yadda zan yi jinyar nan ba in babu ita.

Ranar Kirsimeti a ɗakin 'yan ƙashi ta same mu. Babu shinkafa, babu akuya, faten wake na ba shi da ganye. Da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Baba Tanko ne, dattijon tungar ƙetaren rafi, ya hau dutse ya samu sabis.

"Malam, mun taru. Mun yi waƙa har ta ƙare mana. Babu mai buɗe mana Littafi."

Baban Jummai ya ce in tayar da shi in jingina shi da filo. Ya ce wa Baba Tanko ya kira su su hau dutsen, ya buɗe muryar wayar. Da muryarsa da ta shaƙe ya fara. Ya ce yarinyar nan Maryamu, da mala'ika ya zo mata, bai nuna mata sauran hanyar ba. Bai faɗa mata a wurin dabbobi za ta haihu ba, bai faɗa mata za ta yi gudun hijira da jariri ba. Ta yi tambayarta, aka ba ta amsa, ta ce to. Ya ce Allah ba ya shimfiɗa wa mutum hanya duka ya duba kafin ya amsa, ta yau kawai yake nuna maka. Yana nan sabis ya yanke. Ɗaki ya yi tsit, ashe kowa sauraro yake. Wani direba Musulmi da ke gadon kusa, an rataye masa ƙafa, ya ce, "Malam, ƙarasa mana, mu muna kan layi."

Ya ƙarasa musu. Bayan an watse ina goge masa baki na ce, "Ita Maryamu mala'ika ta gani. Ni likita mai tabarau na gani."

"Kowa da irin ɗan aiken da ake turo masa," in ji shi.

Sai da sabuwar shekara ta yi nisa muka koma ƙauye, yana dogara sanduna. Muka tarar Buba ya tara gayya an girbe mana sauran dawa, an ɗaure an sa a rumbu. Ban san bakin da zan gode masa da shi ba, shi kuma ya ce in bar maganar. Dungun ya warke sannu a hankali. Na koyi yi masa allura da kaina, na koyi girki babu zaƙi, na zama 'yar sandan bakin ƙofa. Duk mai dubiyar da ya zo da malta, in karɓa in gode in buɗe masa ya sha abinsa.

A nan zan tsaya in yi wa 'yan'uwana mata magana. In mutum yana ci yana ramewa, yana shan ruwa ba ya ƙoshi, kada ku yaba masa, ku kai shi a gwada jininsa. In ya ji ciwo a ƙafa bai sani ba, wannan ba ƙarfin hali ba ne. Kada ku gasa ƙafar da mai ita ba ya jin zafinta, ko da shi ya ce ku ƙara. Kowace safiya yanzu sai na ɗaga ƙafar da ta rage na duba tsakanin yatsu da idona, ba na tambayarsa.

Dattawan gunduma suka zo gaisuwa, suka yi mana maganar gaskiya. Wa'azi a majami'ar ƙauye zai iya a zaune. Amma in har ƙarshen shekara ba a samu yadda zai kai ga tungayen ba, za su sallame shi ya koma gida, kuma ba su da wanda za su turo. Wani saurayi ya ɗauke shi a babur Lahadi biyu, ta uku aka ce ya bi 'yan haƙar zinare. 'Yan acaɓa ba sa shiga wannan hanya sai da kuɗin da ba mu da shi. Damina ta sauka, rafi ya cika, babur yana jingine a rumfa kaji suna kwana a kansa. Ni kuwa na fara rage kaya a hankali, abin da na daɗe ina roƙo ya zo har gida.

Wajen ƙarshen damina Baba Tanko ya zo a ƙasa, da taɓo har gwiwa. Ya ce matarsa ta rasu tun watan jiya. Sun binne ta, sun tsaya a bakin kabari, babu wanda ya san abin da ake faɗa, sai suka yi waƙa guda suka watse. Bai zo ƙorafi ba, ya zo ne kawai a yi mata addu'ar ko a makare. Baban Jummai ya yi masa. Bayan ya tafi, mutumin nan ya zauna a tsakar gida yini guda yana kallon babur, ko abinci bai ci ba. Ina shara na kai wajen rumfar, haushi ya turnuƙe ni, na buga wa taya tsintsiya.

"Wai wannan tsinannen abin, koyonsa wata uwar wahala ce?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ba ni na faɗa ba."

Ba zan ce na ji wata murya daga sama ba. Cikin fushi na faɗa, kuma da zancen ya fita ban iya mayar da shi ba.

A filin ƙwallon firamare na koya. A kai masa kujera gindin mangwaro, ya zauna yana nuni da sanda yana ihu, "Saki kuloci a hankali. A hankali na ce." Ni mai jika, ga ni da wando a ƙarƙashin zane. Na shiga gonar gyaɗar mutane, na ba da haƙuri. Na bi ta kan shanyar Hajjo. Salansar babur ta ƙone ni a ƙauri, na yi tsalle na yi ƙara, shi kuwa ya ce in gode wa Allah tawa tana faɗa mini gaskiya. Garin duka ya fito kallo. Hajjo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ce, "Maman Jummai, ke kam ba ki da fargaba. Ko ɓarayin daji suka gan ki, dariya ba za ta bar su su tare ki ba." Da kaka ta yi, na iya zuwa Kuyello in dawo da buhu a baya. Shi kuma ya samu ƙafar roba, ya ajiye sanda guda.

Ranar Kirsimeti, bayan sujadar safe a ƙauye, na ɗaure ɗankwalin zumunta tamau, na buga kik. Ya hau baya da Littafinsa a jaka da sandarsa a gicciye. Na ce masa in ya kuskura ya koya mini tuƙi a hanya zan sauke shi. Bai koya mini ba, sai dai duk ramin da muka faɗa ina jin yana kiran sunan Yesu a ƙeyata. Tsoro kam na ji shi.

Mun kai gindin ɗorawar da yake jingine babur. Rafi ya ja baya amma da sauran ruwa, ga gangara mai santsi. Na kashe inji na tsaya ina kallo, don ban yi tunanin nan wurin ba. Sai na ji hayaniya daga ƙetare. Ashe ƙarar babur ta riga mu isa. Suka gangaro, maza da mata da yara, Baba Tanko a gaba da kayan Kirsimetinsa, ya faɗa ruwan bai ko naɗe wando ba. Da suka matso suka ga wanda ke riƙe da kan babur, suka yi cirko-cirko. Wata mata ta rangaɗa guɗa. Maza biyu suka haɗa hannu suka ɗauki Malam, suka ƙetare da shi yana riƙe da jakarsa a ka, ni ina biye.

A ƙarƙashin itace aka yi sujada. Ya tsaya da sandarsa, ya ƙi zama. Ni dai ban ji wa'azin ba, ina zaune a gefe wata tsohuwa tana ta yi mini fifita da faifai. Abin da na gani shi ne Baba Tanko a gaba, bakinsa yana bin kowace kalma, hawaye yana bin gemunsa. Na daɗe ban ji raina ya kwanta kamar ranar ba.

Da la'asar aka ƙetaro da shi, aka ɗaure mana kaza a bayan babur. Mun yi nisa sai na ji ya gyara murya a bayana.

"Maman Jummai."

"Ina ji."

"Lahadi mai zuwa akwai tungar gaba. Hanyarta ta fi wannan muni."

Na kauce wa wani rami, na sauya giya.

"To a sayi mai tun ranar Asabar," na ce.